Mai Gadin Ƙwai

Port Elliot,
Farkon Nuwamba.

Zuwa ga abokina Cormac,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙirjin nan naka ya yi sauƙi, kuma ma'aikatan jinya ba su gaji da bakinka ba tukuna. Yaya 'yarka Bronwyn da yaranta? Ni ina nan, gwiwa ce kawai, ita kuwa ka san halinta.

Akwatin ya iso. Sai kai, Cormac. Likita ya hana ka taba, maimakon ka zubar da ita kamar mai hankali, sai ka tattaro manyan kararen nan naɗin ganye da ka daɗe kana ɓoyo, ka ɗora wa mutumin da bai taɓa wuce sigarin kanti ba, wai in sha in ba ka labarin ɗanɗano. Na fara da baƙin nan na Nikaraguwa. Kamar an jiƙa tsohon takalmi a kofi. Na yi tari har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko a kira motar asibiti. Na Kyuba ya fi shi ladabi, sai dai ya yi ta mutuwa a hannuna kamar ajin Latin bayan cin abincin rana.

Sai aiki na biyu da ka ɗora mini. 'Yan tsuntsayenka masu baƙar hula sun dawo, kuma sun yi wautar da suka saba: ƙwai uku a kan yashi tsirara, a inda kowa ke takawa. Ka ce tun da kake zuwa bakin tekun nan ba ka taɓa ganin ɗansu ya rayu har ya tashi sama ba, kuma kana so ka ji an ce ya tashi kafin ka tafi. Ban ji daɗin wannan "tafi" ɗin ba. Kada ka sake rubuto mini shi.

'Yan sa-kai sun kewaye wurin da igiya, sun kafa allo, sun koma gidajensu. Igiya ba ta hana kare. Don haka na ɗauko kujerarka ta naɗewa na dasa a jikin igiyar, kullum da safe ina nan da tabarka ina gadi. Babbar abokiyar gabata Noelene Pascoe ce. Ka tuna ta, na koyar da ita tana yarinya, yanzu jikoki gare ta da wani ƙaton kare wai shi Biskit, wanda take saki yana sukuwa. Na nuna mata allon. Ta ce, "Haba Malam, Biskit ko ƙuda ba ya kora." Na ce mata tun tana aji ba ta karanta abin da ke allo, ban sa ran za ta fara da furfura a kanta ba. Ta yi dariya ta wuce, karen ya ɗaga ƙafa a jikin kujerarka.

Ka sha maganinka. Ka gaida Bronwyn.

Naka,
Aubrey Treloar

Port Elliot,
Farkon Disamba.

Zuwa ga Cormac,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya barci? Bronwyn ta ce yanzu da bututun iska kake kwana. Allah ya sawwaƙe.

Na yi jinkirin rubutu ne don ba ni da labari mai daɗi. Ƙwayayen sun tafi. Na iso da safe na tarar da ɓawo kawai. Ban tsaya tunani ba, na bi Noelene har shagon burodi, a gaban layi na kira karenta ɓarawo, ita kuma na kira ta da sunan da ba zan sa a takarda ba. Ta karɓi burodinta ta fita.

Tsuntsayen, da yake ba su da zuciya irin tawa, suka matsa gaba kaɗan suka sake yin ƙwai biyu. Aka matsar da igiya, ni ma na matsar da kujera. Ranar ina fama da wani dogon siriri daga Honduras, mai ƙamshin ciyawar da ruwa ya doka, sai na ɗaga kai na ga hankaki biyu a kan sandar allon. Ba sheƙar suke kallo ba, ni suke kallo. Na duba uwar, ba ta kan ƙwai. Tana can tana gudu tana jan fiffike kamar karyayye, wai ta yaudare ni in bi ta. Na waiga na ga sawun takalmina ya ja layi daga matakalar sauka bakin teku har bakin sheƙar, kamar an shimfiɗa wa baƙi hanya. Sai na tuna abin da ke kan yashi ranar ɓawo: sawun tsuntsu mai manyan yatsu da sawuna. Babu na kare.

Ka gane ko? Duk safiyar da na zauna, uwar tashi take, ƙwai su zauna a fili, ni kuma ina tura hayaki sama kamar mai sanar da hankaki an buɗe kanti. Ni ne karen, Cormac.

Na kwashe kujerar na koma can kan duwatsu, nesa, inda ko da madubin hango nesa sai na matse ido. Ranar da na yi ritaya, hukumar makaranta ta ba ni agogo, aka ce babban taimakon da zan yi yanzu shi ne in koma gefe. Na yi shekaru ina zaginsu a kan wannan magana. Ga shi tsuntsuwar da ba ta kai tafin hannuna ba ta maimaita mini ita.

Ban ba Noelene haƙuri ba tukuna. Kada ka fara.

Naka,
Aubrey

Port Elliot,
Bayan Kirsimeti.

Abokina Cormac,

Ina gaishe ka, ina gaida Bronwyn wadda na ga da hannunta aka rubuto wasiƙarka. Na gane zagin naka ne, rubutun ne kawai ya yi kyau. Yaya ƙarfin jiki?

Ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe, ɗayan bai yi ba. Ɗan tsakon kamar ƙullin auduga a kan tsinken ashana biyu. Ya zo duniya daidai lokacin da mutanen birnin Adelaide kaf suka juye a kanmu don hutu da laima da ƙwallo da yara masu ihu. In ya ga mutum sai ya kwanta ya daskare, kuma muddin yana kwance ba ya cin abinci. Ni kuwa ina kan dutse, ba ni da ikon matsawa, ina ta zagi cikin Latin.

Na je gidan Noelene. Na tsara jawabi tun a hanya, ta katse ni a jimlar farko. Ta ce, "Malam, ka gama? Shigo ka sha shayi, kana tare mini iska." Washegari na hango ta a bakin matakala, Biskit ɗaure a hannunta, tana juya mutane su bi gefen ruwa. Kuma suna bi! Ni in na yi magana sai a ce wani tsoho ne mai faɗa. Ita da "ɗan uwa" da "masoyiya" take kora su kamar tumaki. Na yi rayuwata ina gyara wa mutane jimla, ashe ba jimlar suke ji ba.

Na sha gajeren nan mai jan zobe. Wannan kam ya yi. Akwai ɗaci a farko, sannan wani zaƙi kamar ƙonannen sukari ya biyo baya can ƙasan harshe. Na ji haushi da ya yi daɗi, don kai ya kamata ka sha shi. Saura biyu a akwatin.

Fuka-fukan yaron sun fara fitowa. Ka jira shi. Umarni ne.

Naka,
Aubrey

Port Elliot,
Ƙarshen Janairu.

Cormac, tsohon banza,

Ina gaishe ka. Bronwyn ta bugo ta ce ba ka iya riƙe takarda, ita za ta karanta maka. Bronwyn, ki ɗaga murya, kunnensa ma na ado ne.

Ya tashi.

Na so in tsaya a nan, in ƙara maka da yadda ya buɗe fiffike da yadda rana ta haske shi. Na ma rubuta hakan na yaga. Ba mu taɓa yi wa juna ƙarya a kan tsuntsu ba, ba zan fara yau ba. Ban gani ba.

Iska ce ta taso daga kudu. Na ɗauko ɗaya daga biyun da suka rage, na ajiye madubin a cinya, na juya wa teku baya, na cusa kai cikin kwat ina ƙyasta ashana tana mutuwa. Sai na ji ihu. Na ɗago na ga Noelene tana tsalle a bakin matakala kamar 'yar makaranta, Biskit yana haushi. Kafin in lalubo madubin, ga masu hula uku a tsaye can ƙarshen yashi, inda a da iyayen biyu ne kawai ke iya zuwa. Wata biyu ina kan dutsen nan, gwiwata ta kumbura, rana ta saɓule mini hanci, kuma tabarka ce ta sa na rasa abin da na zauna dominsa.

Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa tana haki: "Malam, gudu ya fara kamar kullum, sai kawai ƙafafun suka daina taɓa ƙasa. Ya yi ƙasa-ƙasa a kan kumfar ruwa, ya karkace kamar zai faɗi, uwar na bayansa tana masifa. Da ya sauka sai da ya tuntsura. Ya miƙe ya girgiza jiki kamar ba shi ba." Na ce ta maimaita, ta maimaita. Tana kuka tana dariya, ni kuma ina riƙe da karan taba da bai kama wuta ba.

Na san za ka ce shaidar mai kare ba shaida ba ce. To, ka yi mata tambayoyin da kanka. Ranar Asabar za ta tuƙo ni zuwa wurinka a Adelaide, Biskit a kujerar baya, don ta ce ba ya zama shi kaɗai. Wancan da ya ƙi kamawa na sha shi daga baya, don haka zan taho da karan ƙarshe. Na san ba za a bari a kunna ba, amma babu dokar da ta hana a sa maka shi a ƙarƙashin hanci. Wannan kai za ka ba ni labarinsa, na gaji da yi maka aiki.

Ka jira Asabar.

Naka har kullum,
Aubrey Treloar