Ƙofar Da Ba Ka Ƙwanƙwasa Ba

Zuwa ga Yayana Sama'ila, a ƙasar Kanada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Maryam da yara. Ya sanyi, ya kuma hidimar jama'a? Mu nan Funtua muna nan kamar yadda ka bar mu, sai abin da ba a rasa ba. An fara karyar masara, auduga ta fara buɗe baki a gonar Baba ta hanyar Danja, kuma kowa yana tambayarka.

Ka yi haƙuri da na rubuto maka a nan shafina inda kowa zai gani. Saƙonnina suna nan jere a wayarka, wasu ko buɗe su ba ka yi ba. Kai da bakinka ka taɓa ce mini ɗan siyasa ba ya jin magana sai an faɗe ta a bainar jama'a. To ga ni na fito kasuwa da ita, ba kuma don in tozarta ka ba.

Maganar Inna ce. Tun bayan babbar sallah jikinta yake ja da baya, abinci sai an lallaɓa ta, kuma tunaninta ya fara zuwa yana komawa. So nake ka zo ka gan ta tun tana iya gane ka. Wannan kaɗai ne abin da ke tafe da ni, sauran duk da za ka karanta ciwon zuciya ne ya sa na kasa taƙaitawa.

Na san amsarka tun kafin ka ba ni, domin na haddace ta: bayan zaɓe. Yaya, wai ku zaɓenku ba ya ƙarewa ne?

Na farko da ka faɗa mana haka, lokacin da Baba ya rasu ne. Ba wanda ya zarge ka da rashin jana'iza, gawa ba ta jiran jirgi. Amma mun sa rai za ka zo sadakar arba'in, sai ka ce jam'iyyarku tana zaɓen sabon shugaba, wata lauya tana cikin masu neman kujerar, kuma kai ne ke riƙe mata yankinku gaba ɗaya. Ka yi ta yi mini bayani da zumuɗi, kamar yaron da aka saya wa sabon keke. Ka ce ku can ba a kwashe deliget a ɓoye su a otal kamar namu, duk wanda ya yanki katin jam'iyya yana da ƙuri'a, saboda haka aikinka shi ne ka bi masallatai da shaguna da gidajen biki kana shigar da mutane kafin a rufe rajista. Ka ce kuma mai jefa ƙuri'a ba mutum ɗaya yake zaɓa ba, jera su yake yi, wannan na farko, wannan na biyu. Idan na farkonsa ya faɗi, sai ƙuri'ar ta koma kan na biyu.

Lauyar taku ta faɗi. Na yi murna, Allah ya yafe mini, har na fara share maka ɗakin soro. Ashe ba ƙuri'unta kaɗai ne suka koma kan na biyu ba, har da kai. Kafin mu gama yi maka jaje ka shige tawagar wanda ya ci.

Daga nan kuma ka ce gwamnati ba ta da rinjaye a majalisa, kowace safiya tana iya faɗuwa a kira zaɓe, don haka ba ka isa ka yi nisa ba. Ta faɗi kuwa, aka yi zaɓen. Sai ga shi kai da kanka ka fito neman tikitin mazaɓarku, ka ci, yanzu kuma kana neman kujerar. Ni dai malamar firamare ce, amma ko ɗalibaina sun san cewa abin da yake haihuwa kullum ba a jiran ya ƙare.

Kana tuna labarin ranarka ta farko a bin gidaje? Ka ce ka tsaya nesa da ƙofar wata tsohuwar Baturiya, cikin dusar ƙanƙara, kana ta kwaɗa sallama irin ta gida, kana jiran a amsa. Tsohuwar tana leƙenka ta taga a tsorace, har abokin tafiyarka ya zo ya danna ƙararrawa yana dariya. Mun yi dariya ranar har da hawaye. Inna tana gefe ta ba wayar baya tana tsintar wake, kamar ba ta ji. Amma ni da ke kusa da ita na ga kafaɗunta suna rawa.

Bayan ka kashe wayar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, a gaya wa na Goggo ya riƙa rufe kunnuwansa, tun yana ƙarami sanyi ta nan yake shigarsa.

Na Goggo. Ka san da haka take kiranka tun da na yi wayo. Kai ne ɗan farinta, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari har kabari. Ana yaye ka aka kai ka Malumfashi wurin Goggo Abu, ƙanwar Baba, can ka girma. Ko da ka dawo gida Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta zama ta yi hira da kai, in ka shigo ɗaki sai ta sami abin yi a tsakar gida. Ko wani Sama'ilan daban za ta ambata, sai ta ce mai sunan wancan.

Kai ka san wannan duka, a cikinsa aka haife ka. Shi ya sa ranar da ka ce mini Inna ai ba ta damu da kai ba, ko waya ba ta karɓa, ni ce dai mai ƙorafi, na ji kamar ka mare ni. Zaman can ya mantar da kai yadda ake karanta mutanen gida. Matar da ba ta karɓar wayarka ita ce take tambayata kullum, wai yanzu can rana ta fito ko ba ta fito ba.

Akwai wata dabarar kamfen da ka koya mini wadda ta hana ni sukuni. Ka ce ƙofofi iri uku ne. Akwai ta wanda ba zai taɓa zaɓenka ba, wannan a wuce ta. Akwai ta mai shakka, wanda zuciyarsa ke rawa, nan ake zuba ƙarfi, a koma, a sake komawa. Sai kuma ta wanda ka tabbata naka ne. Ka ce wannan ba a ɓata lokaci a kanta, tunda ba inda za shi, sai dai ranar zaɓe a buga masa waya a tuna masa ya fita. Ka faɗi haka kana alfahari, wai ilimi ne da masana suka tabbatar.

Na daɗe ina juya maganar kafin na gane cewa gidanmu ne ƙofa ta ukun.

Baba ma ɗan siyasa ne, in ka manta. Bai taɓa riƙe kujera ba, shi dai mai tara wa jam'iyya jama'a ne a unguwa, da tsohon kekensa da hularsa da ta koɗe. Amma duk zaɓe daga cikin gida yake farawa. Zai yi sallama a ƙofar ɗakin Inna kamar baƙo, ya tsuguna, ya roƙe ta ƙuri'arta, mu muna ta ƙyalƙyala dariya a bayansa. Abokansa na tashar jirgi suna yi masa tsiya, wai Malam Audu yana zawarcin matarsa duk bayan shekara huɗu. Shi kuwa sai ya ce, wanda ka san naka ne shi ake fara gaisarwa, domin shi ne in ya ji haushi ba zai faɗa maka ba.

Ba su da masana a lokacin, Yaya, amma ban taɓa ganin Inna ta ji an wuce ƙofarta ba.

Kwanakin baya ka turo hotunan allunan kamfen ɗinka, waɗanda magoya baya ke kafawa a ciyawar gaban gidajensu. Titi guda, ko'ina fuskarka, ko'ina sunanka da manyan baƙaƙe, ko da yake sun gutsure shi yadda bakinsu zai iya. Na kai wa Inna. Ka san ba ta karanta boko. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni me aka rubuta a ƙasan hoton. Na ce sunanka ne. Ta ce duk mutanen garin haka suke kiransa gatsau? Na ce haka al'adarsu take. Ta miƙo mini wayar, ta juya fuska bango.

Tun daga wannan makon ne abin ya fara. Da la'asar, idan rana ta sauka kan katanga, sai ta ɗaga kai ta ce ana sallama a zaure. In tashi in je. Ba kowa, sai keken Baba da ke jingine inda ya bar shi, da awakin maƙwabta. In dawo in ce mata ba kowa, ta ce to ya gaji da tsayuwa ne ya tafi, ai ba ku amsawa da wuri. Washegari haka. Ta sa na riƙa rufe tuwo a langa ina ajiyewa, da safe in ɗumama wa yara.

Da farko na ɗauki abin a matsayin tsufa. Amma Yaya, gaskiya zan faɗa maka, yanzu ni ma ina ji. Ina tsakiyar wanke-wanke sai in ji muryarka daga zaure, yadda kake jan sallamar nan a ƙarshe, in tsaya da kwano a hannu. Tsoro nake ji. Kana raye, kana magana a rediyon wata ƙasa, amma a gidan ubanka ka zama kamar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, muryarka tana zuwa kai ba ka zuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Goggo Abu ta zo daga Malumfashi duba ta. Muna zaune mu uku a tabarma bayan la'asar, Goggo tana ba ta kunu a ludayi. Sai Inna ta ture ludayin, ta gyara ɗankwalinta, ta fuskanci zaure. Ta amsa sallama da murya garau, irin wadda na daɗe ban ji daga bakinta ba. Sannan ta ce, Sama'ila, shigo mana, ka daɗe a tsaye.

Sunanka ta faɗa, Yaya, cikakke, ba gutsure ba.

Ludayin ya faɗi daga hannun Goggo. Ta kama baki tana salati, hawaye suna zuba. Ni kuwa sai na ji tsigar jikina ta tashi, domin ban taɓa sanin yadda sunanka yake a bakin Inna ba sai ranar. Ashe da daɗi take faɗarsa, kamar wadda ta daɗe tana gwadawa ita kaɗai. Da na raka Goggo tasha ta riƙe hannuna ta ce, Hadiza, ki kira yaron nan, mace irin Innarku ba ta ajiye kunyar ɗan fari sai in ta fara ɗaure kayanta.

Ban ce ka bar takararka ba. Allah ya sani ina alfahari da kai, ɗan Malam Audu mai keke yana neman kujera a majalisar Turawa. Na san kuma za ka ce saura kaɗan, kowace rana tana da tsada, masu shakka suna jiranka a ƙofofinsu. Amma ranar zaɓenku an sa ta, kowa ya san ta, har a allunanka an rubuta. Ranar Inna ba wanda ya gaya mana. Mun yarda mu ne zaɓinka na biyu, mun daɗe da haƙura da haka. Sai dai ita ba za ta iya jira sai na farko ya faɗi kafin a ƙirga ta ba.

Ka ba mutanen can haƙuri na 'yan kwanaki. Ka ce musu akwai wata tsohuwa a Funtua wadda ba ta da katin jam'iyyarku, ba ta kuma san launin tutarku ba, amma ta zaɓe ka tun kafin ka yi haƙori. Idan ba su gane ba, ba mutanen da za ka wakilta ba ne. Ni zan zo in tarbe ka a Kano da kaina, kada ka saya wa kowa tsaraba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sassauta mata, ya ƙara mata kwana har ta sa ka a ido. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba ka abin da kake nema in alheri ne gare ka, ya kare ka daga nadamar da ba ta da magani, ya kawo mana kai lafiya. Amin.

Idan ka iso, ba sai ka tsaya a zaure kana sallama ba, Yaya. Ka shigo kawai, an riga an amsa maka.

Ƙanwarka mai jiranka,
Hadiza