Ashe Ba Razdan Ya Mulki Mozambik Ba

Daren Talata, Gwaram

Na gaji. Na yini a gonar gero, na dawo na tarar 'yata Hafsatu ta kumbura fuska. Jiya ta kawo aikin makaranta kan gwamnonin Mozambik, ni kuma shehin malami, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu, na ce ta rubuta Ingila da Razdan, 'yanci kuwa rana ɗaya da namu.

Ashe 'yan Fotugal ne, kuma sai da aka gwabza yaƙi suka tafi. Sifili ta ci.

Na ce, "To, ai duk Bature Bature ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, daga yau Malam zan riƙa tambaya."

Ita kam ta karɓi 'yancinta, ko harsashi ɗaya ba a harba ba.