Rigar da Bahaguwa Ta Saƙa

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, na rubuto ne a kan rigar sanyin nan da na saƙa miki. Jiya na ci karo da ita a ƙasan akwati.

Ke kika koya mini riƙon kwarashin saƙa a gindin darbejiyarmu ta Gidan Amumune, ke kuma kika riƙa sauke mini muciya a kan yatsu duk sanda kika ga ƙugiyar ta koma hagu. "Hannun tsarki ba ya yin abin kirki," haka kike cewa, ko gaban baƙi. Har na yi aure ban ji kin kira ni da sunana ba, sai dai Bahaguwa.

Da tsufa ya fara sa ki rawar ɗari, na sayo zaren ulu siriri a kasuwar Tasawa, mai laushi, kalar ƙasa. Na yi miki saƙa mai tufka, layi-layi kamar igiya daga wuya har ƙugu. In na ɓata ido ɗaya sai na warware na sake. Ba komai nake nema ba, Inna, sai ki ce Allah ya yi mini albarka, ko da sau ɗaya.

Da na kai miki, kika ɗaga ta a rana, kika bi tufkar da yatsa. Ta kowace mai saƙa dama take murɗawa, tawa hagu ta yi. Kika ce wannan ko mahaukaci ba ya sa ta, kika shimfiɗa wa kazarki mai kwanci. Na ji zafi, har yau ina jinsa.

Sai ciwon nan ya zo ya shanye miki ɓarin dama, ya tafi da bakin. Daga asibitin Mayahi ɗakina aka kawo ki, don 'ya'yanki na kirki duk sun ce suna da uzuri. Hannun tsarkin nan shi ya yi ta wanke ki. Na ajiye miki fura, na zauna ina kallo kina lalubar ludayi da hagu, tana zuba a ƙirjinki, kuma ban yi saurin karɓa ba.

Da sanyi ya shigo na je gidanki na ɗauko rigar daga akurki, na wanke kashin kaji, na zura miki. Kina kallona, ba bakin cewa a'a. Ta zauna miki cif, Inna, kamar an gwada. Kika riƙe gefenta da hagunki, leɓenki yana motsi. Na kai kunne na jira, ban ji komai ba. Ban sani ba ko albarka ce, ko irin wadda kika saba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya kuma ba ki littafinki a hannun dama, tunda na san ba za ki karɓa da ɗayan ba.

Ɗiyarki,
Bahaguwa