Batirin Kunnen Baba

Daren Laraba, Gwallaga

Alhamdulillahi, yau Baba ya dawo cikinmu. Tun da batirin na'urar kunnensa ya daina ɗaukar caji ya zama kamar baƙo a gidansa. Ya daina zaman hira a ƙofar masallaci, wai ya gaji da gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da jikarsa ta biya masa karatunta na Islamiyya. Ya yi ta murmushi, ni kuwa na san ko harafi ɗaya bai ji ba.

Na zaga masu gyaran waya a Wunti har ƙafafuna suka kumbura, kowa ya juya abin ya ce babu. Ashe Yaya Sani bai zauna ba, ya ba wani direba abokinsa sautu daga Jos. Yau da la'asar sai ga Yaya Sani da ɗan batirin, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Muka sa shi a na'urar. Bayan magariba na cire ta daga caji, na maƙala wa Baba. Duk muka zuba masa ido. Ya ɗan karkata kai, ya jima a haka, sannan ya ce, "Hadiza, wa ya bar famfo yana zuba?"

Kowa ya fashe da dariya, har Inna. Ni na tashi na je na rufe famfon, na tsaya can na sha kukana.