Ƙahon Ari da Kwalbar Likita

Aikin farko na yau: duba idanuna a madubi. Da ɗan rawaya, ko kuwa madubin ne ya tsufa. Aiki na biyu: rubuta wa Baba Kolo, mai ba mutane shawara.

Baba Kolo, don Allah ka agaje ni. Ni komi ne, wato akawu, a wani buro, ofis ke nan, nan Damagaram, na ba arba'in baya, kuma na daɗe da ciwon hanta. Ina lallaɓa shi, yana lallaɓa ni. Lokaci lokaci likitan nasara kan ɗibi jinina a 'yar kwalba, a sa a jirgi zuwa Yamai, takarda ta dawo da lambobi. Jinina ya sha hawa jirgi, ni mai jinin ko ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba.

Da damina takarda ta dawo, wata lamba ta hau. Ni da na yi lakwal, makarantar boko, na san in maki ya hau an ci ne, har na sayo wa mai ɗakina Kaltuma kilishi. Washegari mai allura ya ce mini a wajensu hawa faɗuwa ne. Likita kuma ya ce in ta ƙara hawa zan bi jinina Yamai, in kwanta sai yadda hali ya yi. Wa zan bar wa Kaltuma da yara? Kilishin dai an cinye, har yau ba ta san murnar me ta yi ba.

Sai na zauna na yi tunani daki-daki. Ba a shiga jarrabawa ba shiri. Kowa ya san ƙaho mataccen jini yake fitarwa. To, in an cire mugun tun jajiberen ɗiban jini, wanne likita zai tarar in ba nagari ba? Na tafi Zango wajen Ari wanzami na bayyana masa. Ya ce bai taɓa jin hankali irin wannan daga bakin ɗan lakwal ba. Ya jera mini ƙahoni a baya, ya nuna mini jini baƙi ƙirin, ya ce ga lambar nan ta fito. Jinin tsagar ya ƙi tsayawa har la'asar. Ari ya ce mugun ne ke rige-rigen fita. Kaltuma ta ga rigata, na ce jar tawadar buro ce. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin komi mai rubutu da gadon baya ba.

Aka ɗibi jini, takarda ta dawo. Lambar nan ko gezau, wata kuma ta sauka, wai jinina ya ragu. Likita ya tambaye ni ko jini na zuba mini ta wani wuri. Na ce a'a, don ai ba zuba ya yi ba, cirewa aka yi. Yanzu yana zargin cikina ke yoyo. Ranar Alhamis za a sake ɗiba, daga nan a yanke maganar Yamai.

Ari ya ce ƙahonin ne suka yi kaɗan, in dawo Laraba. Ni kuwa ina shakkar Ari, ina shakkar madubi, ina shakkar kaina. Ko na kirkin ne Ari ya cire? Yaya zan yi?

Komi Mai Shakka, Damagaram, Oktoba 1959

Malam Komi,

Sannu da jiki. Na yi dariya, amma tsagar nan da ta kai la'asar ta tsayar da dariyata. Hanta in ta gaji, jini ba ya saurin tsayawa. Mai irin ciwonka ba ya wasa da aska.

Ban ga laifin Ari sosai ba. Ka kai masa baya, ya yi abin da ya gada. Likita ma ba shi da laifi: ka ba shi rabin labari, yana can yana neman ɓarawo a cikinka, ɓarawon kuwa yana Zango da zabirarsa. Jini ba hatsi ba ne da za a sheƙe a ba baƙo tsabar. Tulu ɗaya ne, ko ta ina aka ɗiba.

Tsoronka na barin iyali gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma lamba ɗaya ba hukunci ba ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dabararka ce ma ke neman kai ka Yamai a kan yoyon da babu shi. In kuwa bayan ka faɗi gaskiya likita ya ce ka tafi, ka tafi. Gara Kaltuma ta yi kewar wata biyu da ta har abada.

Tunda kai mutumin tsari ne, ga aikin gobe:

Faɗa wa Kaltuma komai, kafin shayi.
Zuwa wajen likita, a tuɓe riga, a nuna masa baya.
Aika wa Ari gaisuwa: Laraba aski kawai, shi ma a hankali.
Juya madubi ya dubi bango.
Sayo kilishi, wannan karon na ban haƙuri. Kai kada ka taɓa sai likita ya yarda.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ranar da za ka hau jirgi, na Makka ne.

Baba Kolo