Ku Daina Zura wa Ɗana Ƙwallo Yana Kabari

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Kwalejoji, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. An gaya mini kakanka Basakkwace ne, kuma kana jin Hausa ko da ba ka mayarwa, shi ya sa na rubuto da ita. Da Larabci na je ofishinku aka ce mudir, wato shugaban ofishin, ba ya nan, na koma aka ce in yi haƙuri, tsari ne. To, ga maganar a fili, kowa ya karanta.

Tsire nake sayarwa a unguwar Mansur. Ni ne mahaifin Anas, mai tsaron ragar wannan kwalejin da ba ta cin wasa, ka san wadda nake nufi. Anas ya rasu bana, mota ce ta buge shi a hanyarsa ta dawowa daga karatu. Amma a wurinku yana nan a raga, kuma duk Alhamis ana cinsa uku.

Na farko. Lokacin da ya shiga ƙungiyar nan ya tarar da shan kashi a jere tun zamanin wasu ɗalibai da bai taɓa gani ba, wasunsu ma sun yi aure sun haihu. Ku ba ku goge lissafi idan kakar wasa ta ƙare, sai ku ɗora wa sababbi abin da tsofaffi suka bari. Wannan ban yi ƙorafinsa ba. Shi ma dariya yake yi, yana cewa shi ne ya gaji abin da ba wanda zai yi masa hassada a kai.

Na biyu. Bara akwai wasan da aka tashi canjaras, ba a ci shi ko ɗaya ba. Ina wurin, na rufe tukubata saboda shi. Ya dawo gida kafaɗa a kumbure, baki har kunne, uwarsa tana gasa masa yana ba ta labari rabi Hausa rabi Larabci. Sai daga baya kuka gano iƙama, wato takardar izinin zama, ta wani ɗan wasansu, yaron mutanen Cadi, ta ƙare. Kuka soke wasan, kuka rubuta uku da nema. Haba, ranka ya daɗe! Ku hukunta kwaleji, ku cire mata maki, amma ƙwallo ukun da ƙafar kowa ba ta taɓa ba, ta ina suka wuce shi?

Na uku, shi ne ya hana ni sakat. Ranar Alhamis aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, daidai lokacin da suke da wasa. 'Yan ƙungiyarsu da kocinsu su ne suka ɗauke shi. Kuka rubuta ba su halarta ba, an ci su uku, kuma da yake an riga an ba ku sunayen 'yan wasa, Anas ne a raga. Tun ranar ba su sake fita ba, don babu yaron da ya yarda ya tsaya a gurbinsa. Kwaleji ba ta sanar da janyewa a rubuce ba, ku kuma a dokarku ƙungiyar da ba ta janye ba tana nan da rai.

Wata Alhamis na je filin na gani da idona. Ɗaya ƙungiyar ta fito cikin rigunanta ta jeru. Rabin filin wayam. Alƙalin wasa ya tsaya yana duba agogo, har yaran da aka zo a ba nasara kansu a ƙasa yake. Babu iska a ranar, zafin nan ne na Makka mai tsayawa cak, amma wallahi ni dai na ga ragar tana motsi. Da lokaci ya cika ya juya wa ragar baya kafin ya busa usur. Na tambaye shi dalili, ya ce shi dai ba ya son kallon wannan gefen. Na bar wurin ban waiwaya ba.

Jawwal ɗin Anas, wato wayarsa, yana hannun uwarsa. Duk Alhamis bayan magariba sai ya kawo haske: saƙonku ne, da sunansa, da sakamako, da fatan alheri a wasa na gaba. Da farko kuka take yi. Yanzu ta daina, kuma dainawar ce ta fi ba ni tsoro. Tun Laraba take sa shi a caji. Makon jiya na same ta ta wanke safar hannunsa ta shanya, ta dube ni ta ce ai yaron nan ya gaji, ya kamata koci ya hutar da shi. Mace ce mai hankali da sanin addini, ku ne kuke aiko mata da wasiƙa duk mako kuna cewa yana nan.

Yanzu an ce saura wasa biyu su zarce kowace kwaleji a yawan shan kashi a jere. Samarin unguwar Hindawiyya har sun fara yawo da maganar a waya, da hotonsa ya yi tsalle. Ba na jin haushinsu, abin da kuka rubuta suke karantawa.

Ka fi ni sanin yadda ake binne mutum a garin nan. Babu suna, babu alama, dutse ne kawai kamar na kowa. Na koma maƙabarta na kasa gane nasa, na tsaya na yi wa layin gaba ɗaya addu'a. Na yarda da wannan, sunna ce. Amma ka ga ke nan duk Makka wuri ɗaya ne ya rage da ake rubuta sunan ɗana, wato allonku, kuma abin da za a bar masa a can har abada shi ne ya fi kowa shan kashi.

Don haka ina roƙo. Ku cire sunansa daga duk wasan da aka rubuta bayan rasuwarsa. Ku tsayar da lissafin a wasan ƙarshe da aka buga da ƙafa a fili. Ku mayar masa da canjaras ɗinsa, shi kaɗai ne abin da ya mallaka a wurinku. Ku kashe saƙon nan kafin Alhamis mai zuwa, don ni ba zan iya ƙwace wayar daga hannunta ba, na gwada.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ka ɗauki gawar ɗanka. Ranar da za a buɗe naka lissafin, Allah ya sa a rubuta maka abin da ka aikata kawai, kada a ɗora maka abin da aka yi ba ka nan.

Wassalam.

Abu Anas,
Mansur, Makka.