Tabarmar Abokan Bukar

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidan, ya yara, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Bukar.

Kin san abokansa na kasuwar kifi ta Baga Road, masu zaman shayi a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Ana gama sadakar bakwai suka naɗe tabarmarsu suka ɗauke ƙafa. Wai kada Iya ta ji dariyarsu, alhali ɗanta ya faɗi rana ɗaya ya tafi. Ashe shirun ne ke cin ta. La'asar na yi sai ta ƙura wa zaure ido, abinci ma sai an matsa mata.

Ranar Talata raina ya ɓaci, na tarar da babbansu Modu har rumfarsa. Na ce, "Yaya Modu, mutum ɗaya muka binne, ko har da ku?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yagana, da wane ido za mu zauna?" Na ce, "Da idon da kuka shekara goma kuna cin burabuskonta."

Jiya sun dawo. Da farko kamar zaman makoki, can sai gardamar ƙwallo ta ɓarke. Iya na jin su ta ce in miƙa musu butar shayin Bukar, kuma ta cinye abincinta tas.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. Ni dai muddin ina gidan nan, ba mai sake naɗe tabarmar nan.

Ƙanwarki,
Yagana